Tsohuwar Chevelle ta 1970 ko jirgin ruwa? Ina neman shawarar 'yan uwa

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana yi min yawo a rai, na ga gara in kawo ta nan tunda cikinmu akwai waɗanda suka riga ni shiga harkar. Bana na cika shekara 51. Na daɗe ina aiki a nan gefen Ditroit, a jihar Mishigan ta Amurka, alhamdulillahi kuɗin gida ya kusa ƙarewa, babbar 'yata ta shiga jami'a. Na ware dala 38,000 don in sayi abin da raina yake so, ba don kasuwanci ba. Abu biyu ne suka tsaya min. Na farko tsohuwar motar Amurka mai ƙaton inji. Wani dattijo a nan Mishigan yana sayar da Chevrolet Chevelle ta 1970, ja mai baƙin layi biyu a bonet, ya ce SS ce, wato Super Sport, samfurin Chevelle mai ƙarfin gudu, inji 350 (lambar girman inji ce), yana neman 36,000. Na biyu jirgin ruwa irin mai shimfiɗaɗɗen bene da ake kira pontoon, ƙafa 22, na hannu, injinsa a baya, har da tirelarsa. Yara jirgi suke so. Ni kuwa tun ranar da na fara tsayawa a bakin titin Woodward cikin watan Agusta na ga ayarin tsofaffin motocin nan suna wucewa, raina bai sake barin kansu ba. Uwargida ta ce duk wanda na zaɓa ta yarda, sai dai na san ba ta son ruwa. Ba zan ci bashin banki ba, kuɗin hannu ne, don haka ɗaya kawai zan iya. Me kuka gani?

Injiniya na Warren:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a kai ga jirgi, dakata mu duba motar nan, don akwai abin da bai zauna ba a bayanin dattijon. A 1970 kamfanin Chevrolet bai fitar da Chevelle SS da inji 350 ba. Inji biyu ne kawai ake sa mata: 396, wanda a wannan shekarar girmansa ya koma 402 amma suka bar masa tsohon sunan, da kuma 454. Sai a 1971 aka fara sa 350 a SS. Ke nan ɗayan biyu ne: ko dai an canza mata inji, ko kuma Malibu ce, wato Chevelle ta gama-gari, aka manna mata tambarin SS aka ja mata layi a bonet. Na biyun ya fi yawa a kasuwa.

Kuma lambar shasi ba za ta raba maka gardama ba. Daga 1966 zuwa 1968 SS tana da lambarta daban, tana farawa da 138. Daga 1969 sai ta koma ƙarin kaya da ake zaɓa a kan mota, lambar ba ta nuna ko SS ce ko a'a. Abin da ke tabbatarwa shi ne takardar da masana'anta ke cusawa cikin motar lokacin haɗa ta, ana samunta a ƙarƙashin kujerar baya ko a saman tankin mai. Ka tambaye shi ita. SS 454 ta gaske, irin mai ƙarfin doki 450 da ake kira LS6, in tana da takardu ana sayar da ita sama da dala 100,000 a gwanjo. Malibu mai kyau ba abin raini ba ce, amma a saye ta da kuɗin Malibu.

Baban Hanifa:
Ikon Allah. Injiniya na gode, wannan ban san shi ba. Zan kira shi yau da yamma.

Ɗan Yauri:
Alhaji, ni dai jirgi zan ce, kuma ba zan ɓoye ba ina da son kai a ciki don a bakin Neja aka haife ni. Ina da ƙaramin jirgin alminiyam na kamun kifi. Mutum yana zaune a jihar da ke da tafkuna sama da 11,000, ga tafkin St. Clair a bayan gidansa, ga kogin Ditroit da kifin walleye ke cika shi duk watan Afrilu, sannan ya ɗauki kuɗinsa ya sayi motar da za ta kwana a gareji? Mota kai kaɗai za ka ji daɗinta. Hajiya za ta shiga sau biyu ta ce ƙara ta yi yawa, warin fetur ya dame ta. Pontoon kuwa mutum goma za ku hau, ku tafi da dambun nama da shayi, yara su yi fatsa, ku yi hira ba mai riƙe da waya. 'Yarka ta riga ta tafi jami'a. Sauran ma saura kaɗan su watse. Ka sayi abin da zai tara su yanzu.

Bakanike Hiyuston:
Ɗan Yauri ka faɗi daɗin, ba ka faɗi ɗawainiyar ba. Ni a garejina motoci nake gyarawa amma injin jirgi ma yana zuwa hannuna. Turawan nan suna da magana cewa ranakun farin cikin mai jirgi biyu ne, ranar da ya saya da ranar da ya sayar, kuma ba banza suka faɗa ba. Lissafin da masu harkar ke bayarwa shi ne ka ware kusan kashi goma cikin ɗari na kuɗin jirgin duk shekara don hidimarsa. Alhaji, ina za ka ajiye shi? In a bakin ruwa ne, kuɗin haya duk kaka. In a gida ne, unguwarku ta yarda a girke jirgi a ƙofar gida? Wace mota za ta ja tirelar? In ba ka da fikof ko babbar jif, to ka ƙara kuɗinta a lissafi. Sannan ku a Mishigan sanyi yana shigowa sai an fito da shi, a tsiyaye ruwan inji, a canza mai, a naɗe shi da leda, a biya wurin ajiya har zuwa Mayu. Wanda ya yi sakaci ruwa ya daskare a cikin inji, ƙarfen tsagewa yake yi.

Ɗan Yauri:
Wannan tsagewar ta fi shafar injin da ke cikin jirgi, Oga. Na bayan nan da Alhaji ya ambata in ka sauke shi tsaye ruwan da kansa yake zubewa. Kada ka tsorata shi.

Bakanike Hiyuston:
Gaskiyarka a wannan. Amma sauran kuɗaɗen suna nan.

Maman Sadik:
Baban Hanifa, ni tambaya ɗaya gare ni. Cikin gidanka mutum nawa ne suka iya iyo?

Baban Hanifa:
Ƙaramin ne kawai ya ɗan koya a makaranta. Ni kaina a Gusau na tashi, ban iya ba.

Maman Sadik:
To ka gani. Ku maza kuna ta lissafin inji, ba wanda ya tsaya a kan abin da Alhaji ya faɗa cewa Maman Hanifa ba ta son ruwa. Ta ce ta yarda ne saboda kunya da kara, ba don ranta ya kwanta ba. Mu da muka taso a gida, labarin jirgin ruwa da muke ji ba na shaƙatawa ba ne. Kowa yana tuna jirgin da ya nutse wajen Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, mutum sama da ɗari. A ƙarshen shekarar nan kuma na Bagwai a Kano, yawancinsu yaran Islamiyya. Matar da ta ji waɗannan ba za ka ɗora ta a ruwa da 'ya'yanta duka ka ce ta saki jiki ba. Kuma nan ma ba a tsira ba. Rahoton da rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ke fitarwa duk shekara kusan abu ɗaya yake maimaitawa: kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda ke mutuwa a haɗarin jiragen shaƙatawa nutsewa suke yi, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka nutse ba su sa rigar ruwa ba. Ban ce kada a saya ba. Na ce a fara da koyon iyo, a zauna da ita a ji ainihin abin da ke ranta.

Ɗan Yauri:
Hajiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, cikin na Warrah akwai mutanen yankinmu, ba labari aka ba ni ba. Amma abin da ya kashe su lodi ne fiye da kima, da tsohon jirgin katako, da rashin rigar ruwa ko guda. Nan yawancin ƙananan jirage suna da farantin da aka rubuta adadin mutanen da za su ɗauka. Doka ta ce kowa da rigarsa a cikin jirgi, a Mishigan yaro ɗan ƙasa da shekara 6 dole ya sa ta a jiki. Tun Afrilun 2021 akwai dokar tarayya a kan igiyar kashe inji ga jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba: kana ɗaura ta a jikinka, in ka faɗa ruwa inji ya mutu nan take. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Yulin 1996 sai ya yi kwas ya karɓi takarda kafin ya tuƙa, ke nan yaran Alhaji duka sai sun yi. A jirgina ba mai taka ƙafa sai ya ɗaura riga, ko limami ne. Inda na yarda da ke ɗari bisa ɗari shi ne iyo. Ruwan nan a watan Mayu sanyinsa yana ɗauke numfashin mutum, ko gwani ne.

Injiniya na Warren:
Tunda ana maganar rai, kada a ɗauka motar ba ta da nata. Motar 1970 ba ta da jakar iska, birkinta ba ya hana taya kullewa, da yawansu ma birkin ganga ne gaba da baya. A 2009 cibiyar IIHS, mai gwajin tsaron motoci a Amurka, ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 gaba da gaba, bidiyon yana nan a YouTube. Tsohuwar da kowa ke cewa ƙarfe ce zalla, ita ce ta lotse har wurin direba. Chevelle ta 1970 ta fi ta 1959 tsaro, amma ba ta kama ƙafar motar yau ba. Ni tawa Pontiac LeMans ce ta 1969, abin da na fara yi mata shi ne sa birkin faifai a gaba da sabon bel mai ratayawa a kafaɗa. Ba na hawa babban titi da ita da jikoki.

Ɗan Zongo na Bronx:
Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi daɗi ba. Dala 38,000 fa ake magana. Ku juya ta zuwa naira ko sidi ku gani. Rijiyar burtsatse nawa ke nan? Marayu nawa za a biya wa makaranta? Mun baro gida mun bar 'yan uwa cikin wani hali, sannan mu zo muna gardamar abin wasa irin na Turawa. Alhaji kai babba ne, ina ganin girmanka, amma ni a wajena duka biyun almubazzaranci ne.

Baban Hanifa:
Ɗan Zongo, ban ji haushi ba, amma bari in amsa maka. Tun da na fara ɗaukar albashi a ƙasar nan ba watan da ya wuce ban aika gida ba. Na kai iyayena Hajji kafin Allah ya karɓi mahaifina. Ƙannena da 'ya'yan yayyena da na ɗauki karatunsu sun gama, wasu suna aiki. Ba gori nake ba, Allah shi ne shaida, kuma ba zan daina ba. Sai dai na ga abokan aikina biyu 'yan ƙasarmu da suka yi ta aiki dare da rana suna cewa sai sun yi ritaya za su huta, ɗaya bai kai ba, ɗaya kuma ya kai amma ciwo ya kwantar da shi. Mahaifina yana da Fijo 504 haɗin Kaduna. Duk Asabar shi yake buɗe bonet da kansa, ni ke miƙa masa sifana. Abin da nake nema ke nan in samu kafin hannuna ya fara rawa.

Malam na Ohayo:
Ɗan Zongo, niyyarka mai kyau ce, Allah ya saka. Amma a yi hattara da kiran halal almubazzaranci. Ayar da ta ce ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, a Suratul A'araf, ayar da ke bin ta kai tsaye tambaya take yi: wa ya haramta ƙawar Allah da ya fitar wa bayinsa? Kuma ya zo a hadisi cewa abin hawa mai daɗi yana cikin abubuwan jin daɗin mutum, tare da mace ta gari, da yalwataccen gida, da maƙwabci na gari. Wanda ya sauke haƙƙin iyali, ya fitar da zakka, bai ci riba ba, ba a hana shi. Inda nake so Alhaji ya lura shi ne niyya. In ka sayi motar don hawa, babu zakka a kanta, haka ma jirgin. In kuwa ka saye ta da niyyar ka jira ta yi tsada ka sayar, ta zama hajar kasuwanci, hukuncinta ya canza. A mazhabar Malikiyya mai ajiye haja yana jiran kasuwa yakan fitar da zakkar shekara ɗaya idan ya sayar. Ka tsayar da niyya tun yanzu.

Sai kuma abu ɗaya game da ruwa. Ranakun Asabar da Lahadi da rana, wasu wuraren da jirage ke taruwa a tafkin St. Clair ba wurin kai iyali ba ne, giya da tsiraici sun yi yawa. Mai son fita da iyali sai ya zaɓi wuri da lokaci.

Ɗan Yauri:
Wannan haka yake Malam. Ni bayan asuba nake shiga, kafin azahar na fito. A lokacin daga masu kamun kifi sai tsuntsaye.

Ɗan Zongo na Bronx:
Na ji Malam, kuma na karɓi gyara a kan kalmar. Amma ra'ayina bai canza ba, da ni ne gida zan aika. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Bakanike Hiyuston:
Mu koma kan mota. Alhaji, abin da zai cinye maka kuɗi ba inji ba ne. Injin 350 na Chevrolet ya fi kowane inji sauƙin gyara a ƙasar nan, kayansa ko a shagon unguwa za ka samu, kuma mai sifana da haƙuri zai iya koyonsa. Tsatsa ce abokiyar gaba. Motar da ta yi rayuwarta a Mishigan ta sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. In za ka je dubawa ka tafi da tocila da ƙaramin maganaɗisu, irin na jikin firij, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti. Ka bi ƙasan ƙofofi, da bayan tayoyin gaba, da kewayen tayoyin baya. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame, bodi fila aka cusa aka fesa fenti a kai. Ka buɗe but ka ɗaga shimfiɗar ka duba ƙasan. Chevelle tana da ciwo a gindin gilashin baya, ruwa yana kwanciya a wurin ya ci ƙarfen ya riƙa ɗiga cikin but. In rufinta mai leda ne ka shafa da tafin hannu, duk inda ka ji ƙuraje to tsatsa ce a ƙasa. Sannan lallai a ɗaga ta sama ka ga shasi da idonka, ka ƙwanƙwasa da sukudireba. Wanda ya hana ka ɗaga mota, ka yi masa sallama. Kuma ka ce kada ya tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa injin ka ji da sanyi, don a tashin farko ake ganin hayaƙi da jin ƙarar da ke ɓuya in ya yi zafi.

Wasu ƙananan abubuwa da za ka saba da su: fetur ɗin yau mai kashi goma na ethanol yana cin tsofaffin robobi yana toshe kafireto in mota ta daɗe a ajiye, jirgi ma haka yake yi masa. Baƙin mai sai ka nemi mai sinadarin zinc saboda irin kamshaf ɗin da. Shan mai kuwa, ka sa ran mil goma zuwa sha biyar a galan. Kuma kada ka saye ta don gudu. Ƙarfin dokin da ake rubutawa kafin 1972 awon inji ne tsirara a kan benci, ba yadda yake cikin mota ba. Camry mai silinda shida ta 'yan shekarun nan za ta wuce Malibu 350 ta bar ta. Abin da ake saya shi ne ƙirar, da rurin injin V8 mai silinda takwas, da aikin hannu.

Injiniya na Warren:
Ƙarin abin da ya sa na karkata ga mota shi ne zamanin nasu gajere ne, ba a kuma ƙara yin su. Ana lissafa farkonsa daga Pontiac GTO ta 1964, lokacin da su John DeLorean suka ɗauki babban inji suka sa a matsakaiciyar mota. Zuwa 1970 abin ya kai ƙololuwa. Daga nan kamfanonin inshora suka tsauwala wa matasa masu irin motocin, dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin inji, ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a Oktoban 1973, shi ke nan kasuwar ta mutu. Pontiac ɗin ma an rufe shi a 2010, Plymouth tun 2001. Abin da ya rage a duniya shi ke nan, kullum raguwa yake. Shi ya sa mai kyau takan riƙe kuɗinta. Jirgi kuwa duk shekara ana ƙera sabo, naka yana faɗuwa. Hidimarta ma da sauƙi: inshorar tsofaffin motoci ba ta da tsada don kun yi yarjejeniya a kan darajarta kuma ba kullum ake hawa ba. Babban kamfanin da ke yin ta, Hagerty, a nan Traverse City yake, kuma da inshorar tsofaffin jiragen katako ya fara a 1984 kafin ya shiga motoci. Mishigan tana ba motar da ta kai shekara 26 lamba ta musamman mai arha, da sharaɗin ba motar zuwa aiki ba ce.

Bakanike Hiyuston:
Injiniya a nan zan saɓa maka kaɗan. Riƙe kuɗi na masu takardu ne da waɗanda ba a taɓa ba. Wanda ya sayi mota 30,000 ya kashe mata 15,000, ba lallai ya sayar 45,000 ba, ina ganinsu a garejina. Kuma masu son motocin nan yawanci waɗanda suka yi samartaka da su ne, yanzu sun haura saba'in. Yaran yau motocin Japan na shekarun 1990 suke bi. Alhaji ya saya don yana so, kada ya sa rai da riba.

Injiniya na Warren:
Ban ce riba ba Oga, na ce asarar ta fi ta jirgi sauƙi. A kan wannan ina nan.

Maman Sadik:
Akwai kuma lissafin da ba wanda ya yi. Baban Hanifa, ba duk hutun yara kuke tafiya gida ba?

Baban Hanifa:
Shekara bibbiyu muke zuwa, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Agusta.

Maman Sadik:
To lokacin jirgi a Mishigan daga ƙarshen Mayu ne zuwa Satumba. Ka cire tafiya gida, wadda ta faɗo a tsakiyar lokacin. Ka cire ranakun ruwan sama da iska. Ka cire biki da suna da walimar kammala karatu, waɗanda jama'armu duk a watannin nan suke tara su. Ka cire Asabar ɗin da kake aiki. Ka ƙirga abin da ya rage, ka raba kuɗin hidimar shekara a kansu, ka ga nawa kowace fita ta tsaya maka. Motar ko ba komai in ka dawo aiki da yamma za ka iya zagaya unguwa da ita minti ashirin, da hunturu kuma kana gareji kana kwance-kwancenka. Jirgi sai an ware masa yini guda.

Ɗan Yauri:
Hajiya kin kawo hujja mai ƙarfi, ba zan musa ba. Abin da zan ƙara don amana: St. Clair ba shi da zurfi, matsakaicinsa wajen ƙafa 11 ne, shi ya sa iska kaɗan take tayar masa da igiyar ruwa gajeru masu duka, ga manyan jiragen dakon kaya suna ratsa tsakiyarsa, ga iyakar Kanada a ciki. Pontoon ya fi jin daɗin ƙananan tafkuna irin Cass. Alhaji, kada ka yanke hukunci a kan abin da ba ka ɗanɗana ba. Ana ba da hayar pontoon na rabin yini. Ka ɗauki iyali ku gwada, ni zan zo in tuƙa ku.

Malam na Ohayo:
Shawara mai kyau. A haɗa da istihara.

Baban Hanifa:
Salam 'yan uwa, na dawo da bayani. Na kira dattijon na tambaye shi takardar masana'anta, bai yi wata-wata ba ya ce Malibu ce, wanda ya sayar masa ne ya sa tambarin. Duk da haka mun je da Injiniya, Allah ya saka masa. Maganaɗisun ya ƙi kamawa a bayan tayoyin baya duka biyu, faɗin tafin hannu ko fi. Da muka ɗaga shimfiɗar but sai ga faci an yi walda an shafe da baƙin kwalta, gindin gilashin baya kuma fenti ya kumbura. Injin dai lafiya lau, ya tashi bugu ɗaya, kuma da na zauna na riƙe sitiyarin ban so sauka ba. Ya sauko zuwa 31,000, Injiniya ya ce aikin bodin kaɗai zai cinye ragowar kuɗina ya nemi ƙari. Mun bar ta.

Ranar Lahadi kuma Ɗan Yauri ya kai mu tafkin Cass. Yaran sun yi murna ƙwarai, ƙaramin ya kama kifi biyu. Maman Hanifa ta sa rigar ruwa ta zauna a tsakiya, hannunta ɗaya a kan ƙarfen kujera ɗaya a kan rigar ƙaramin, ba ta saki ba har muka fito. Da dare ta gaya min gaskiya: in don yara ne za ta riƙa bin mu sau ɗaya ko biyu a shekara, amma in na sayi jirgi duk ranar da muka fita ba ta da kwanciyar hankali. Maman Sadik kin yi gaskiya. Don haka mota zan nema, Malibu da sunanta na Malibu. Na yi wa yaran rajistar koyon iyo, ni ma na sa sunana a ajin manya. Jirgi kuma haya za mu riƙa yi.

Ɗan Zongo na Bronx:
Allah ya sa albarka Alhaji. In canji ya ragu ka tuna da mutanen gida.

Baban Hanifa:
In sha Allahu Ɗan Zongo, wannan ba ya cikin abin da ake tunatar da ni.

Ɗan Yauri:
Ni har yanzu ina ganin in yaran suka iya iyo Hajiya za ta sauko, a sake zama. Kafin nan kujera tana nan a jirgina, Afrilu in walleye ya shigo kogi zan kira ka, ka zo da ƙaramin.

Bakanike Hiyuston:
Alhaji ka daina nema a Mishigan da Ohayo. Ka duba na Arizona da yammacin Tekzas da Kalifoniya, inda ba gishiri a titi. Can rana ce take cin fenti da kujeru da robobin gilashi, waɗannan kuwa duk ana sayar da sababbinsu. Ka ware kamar 5,000 daga kuɗin don ɗauko ta a tirela da birki da tayoyi. Duk wadda ka gani ka ce a turo hoton ƙarƙashinta da cikin but da lambar da ke jikin injin, ka sa a nan mu duba. In a Tekzas take ni zan je in gan ta da kaina kafin ka tura ko sisi.